Shanu Tara a Bangon Alhaji Mainassara

Ranar da Zakiru mai fenti ya gaya wa matarsa Hawa cewa Alhaji Mainassara ya aiko kiransa, tankaɗe take yi. Ta ajiye rariyar a cinyarta ta ƙura masa ido.

"A gida ko a garka?" ta tambaya.

"A garka."

"To, ka tahi da hannunka, ka bar idonka nan gida," in ji ta.

Ba sai an yi wa mutumin Dakoro bayanin wannan magana ba. Alhaji Mainassara dillalin shanu ne a da, yanzu kuwa shi ne mai kamiyo goma sha biyu, manyan motocin da ke kwasar dabbobi zuwa kudu. Yana da garka, wato katon lambu, a bayan gari, kan hanyar Birnin Lalle, mai katangar da ko a kan raƙumi kake ba ka leƙa ta. Mutum ne mai fara'a da kyauta, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Sai dai akwai Jibril, wani direbansa, da ya taɓa zama teburin mai shayi ya ce ya ga wani abu a garkar. Bai ma faɗi abin ba. Bayan kwana biyu aka tarar da ɗakinsa a buɗe, takalmansa a bakin ƙofa, aka ce ya tafi neman kuɗi Agadas. Shekara uku ke nan, uwarsa na nan tana sayar da ƙuli-ƙuli, har yau Agadas ɗin ba ta aiko mata ko gaisuwa ba.

Zakiru ba jarumi ba ne, shi ma bai taɓa cewa shi jarumi ba ne. Shekara ashirin da biyu yana rubuta allunan butik, wato shaguna, yana zana kawuna a bangon masu aski da zakuna a bayan kamiyo. Da wannan ya gina ɗaki biyu, ya aurar da 'yarsa. Kiran Alhaji ba a ƙin sa, saboda haka burinsa ɗaya ne tak: ya yi aikin, ya fito daga garkar nan lafiya, ya ci gaba da kwana a ɗakinsa.

Wanda ya buɗe masa ƙofa Intalla ne, na hannun daman Alhaji, dogo, siriri, mai baƙin tabarau. Bai amsa sallama da baki ba, kai kawai ya gyaɗa, ya wuce gaba Zakiru na biye.

A tsakiyar garkar ne ya ga abin da ake ta labari a gari. An malala siminti mai faɗin masussuka uku, an shafe shi da kore, an ja masa fararen layuka, an ɗaura raga a tsakiya. Wai likita ne a Yamai ya ce wa Alhaji in bai rinƙa gudu ba kitse zai kwantar da shi, shi kuma ya ga manya na wannan wasa a wani otel, ya dawo da shi gida. Tenis sunansa. Ƙattai biyu ne za su sa gajeren wando fari, kowa ya riƙe abu kamar matankaɗi mai mariƙi, su yi ta mayar wa juna 'yar ƙwallo rawaya har su gaji, sannan a zauna a sha lemo mai sanyi. A garin da mutum ba ya gudu sai in an biyo shi, wannan abin kallo ne. Kullum kuma sai an wanke simintin da ruwan da zai ishi unguwa guda girki.

Abokin wasan Alhaji shi ne Mushe Harouna (Mushe ɗin shi ne Malam a Faransanci), tsohon ma'aikacin banki da ya yi ritaya ya dawo gida da ciwon gwiwa da Faransanci. Mai tsince musu ƙwallo kuwa Intalla ne da kansa, don Alhaji ba ya son baƙin ido a garkar. Zakiru ya ga yadda mutumin yake duƙawa ya ɗauki 'yar ƙwallon nan fuskarsa ba ko motsi, sai ya ji bai son kallon.

Alhaji ya zo yana share gumi da tawul, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam Zakiru, sannu da zuwa. Ka ga wanga bango?" Ya nuna dogon bangon rumfar da ke fuskantar filin. "Shi nike so ka cika mini. Ni da Mushe muna wasa. Ka sa duk abin da Allah ya hore: mota, shaton ruwa mai tanki a sama, mangwaro, bisashe. Tumbin ga kuwa," ya shafa shi yana dariya, "ka rage mai kaɗan, ai kai ma Musulmi ne."

"Ba komi, Alhaji," in ji Zakiru.

"Kwana goma. Ranar kasuwa mai zuwa ta sama nike son buɗe shi gaban mutanena."

Washegari Zakiru ya zo da kayen 'yan lakwal, wato littafin rubutu na 'yan makaranta, da fensir, ya zauna gefen rumfa yana ɗaukar abin da ke gabansa. Ta tsakanin ƙarafan babbar ƙofa ana hango mata a layi da bidon-bidonsu, jarkokin ɗibar ruwa, suna jiran famfon da Alhaji ya fitar waje sadaka. Can ƙarshen garkar kuma, bayan wata waya, akwai jajayen shanu tara masu dogon ƙaho, duk mata, sun taru wuri guda sun juya wa harawa baya. Ya zana su duka, har da masu sharar filin. Da ya shata komai a bango da gawayi, Alhaji ya zo dubawa, hannuwa a baya.

"Su wa ke nan a ƙasa?"

"Matan da ke ɗibar ruwa ne, Alhaji."

"Wasa suke?"

"A'a."

"To, cire su. Masu shara ma cire su."

"Ni ma ba a zana ni," in ji Intalla daga baya. Wannan ne karo na farko da Zakiru ya ji muryarsa.

Ya goge matan da tsumma. Kusurwar ƙasa ta hagu ta zama fili, sai ya sauko da shanun wurin ya cike gurbin, tunda su an yarda da su, dukiya ce. Alhaji ya sa aka rataya babban tamfol a gaban bangon don kada abokansa su gani kafin ranar, Zakiru ya koma aiki a bayansa cikin zafi da warin fenti.

Da shanun ya fara, don su ne abin da ya fi iyawa. A Birnin Lalle ya tashi, cikin dangin uwarsa masu kiwo, kuma rabin masu ba shi aiki dillalai ne da mahauta. A wurin waɗannan mutane ba a zana saniya tsirara. Sai ka sa mata tsagar kunnenta da shaidar wutar da ke cinyarta, in ba haka ba mai allo zai tambaye ka ko saniyar ɓarawo ka zana masa. Zakiru ya daɗe da daina tunanin wannan. Yadda yake sa ido da wutsiya, haka yake sa shaida. Ya duba kayensa, ya ɗiga wa kowace tsaga biyu a kunnen dama da ƙafar zabo a cinyar hagu, kowace alama ba ta fi farce ba. Ya karya wa ɗaya ƙahon hagu yadda ya gan shi, ya sa wa wata farin goshi, ya wuce ga mota.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Saniyar da aka sayo a kasuwa takan zo da ɗigon fenti a gadon baya, alamar wanda ya saya. Ya san wannan sarai, don shi yake sayar wa dillalai ragowar fentinsa. Shanun nan tara ba mai ɗigo ko ɗaya. Da tunanin ya zo masa sai ya tuna maganar Hawa, ya kore shi, ya ƙara wa tayar motar baƙi.

A rana ta biyar ya zo da safe ya tarar bayan wayar wayam. An share wurin tas, ko kashi babu, sai sawun tayar kamiyo a bakin ƙofar baya. Yana haɗa fenti Intalla ya zo ya tsaya a kansa.

"Kayen naka."

Zakiru ya miƙa. Intalla ya buɗe shafi-shafi, a hankali, yana lasar yatsa. Da ya kai kan shanun ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe kayen ya sa a aljihu.

"Ka gama da shi, ko?"

"Na gama."

Intalla ya ɗaga gefen tamfol ya leƙa daga nesa. Ya ga jajayen shanu a kusurwa kamar na kowane bango, ya saki.

"Ina kwanan Hawa?" ya ce. "Har yanzu gidanku na bayan injin niƙa ne?"

Zakiru bai taɓa gaya masa sunan matarsa ba. Ya ce tana lafiya. Tsoro ya kama shi sosai, amma a ƙarƙashin tsoron akwai 'yar sauƙi: an karɓe kayen, magana ta ƙare, shi bai ga komai ba. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa ba cewa abin da ke cikin kayen yana nan zaune a bango. Sauran kwanakin duk a kan tsani ya yi su, yana fama da fuskar Alhaji. Ya rage tumbin, ya ƙara masa kafaɗa, ya ɗaga masa hannu sama riƙe da raket, matankaɗin nan na bugun ƙwallo, kamar mai saran icce. Shi kuma Mushe Harouna, Zakiru ya miƙe masa gwiwar da ta shekara biyar ba ta miƙe ba.

Ranar buɗewa, bayan la'asar, motoci shida suka shigo. Aka jera kujerun roba a rumfa, aka kawo gasasshen rago da lemo cikin ƙanƙara. Zakiru ya sa rigarsa ta Juma'a ya raɓe a jikin ginshiƙi, kayan aikinsa a ɗaure cikin buhu kusa da ƙafarsa. Saura 'yan mintoci ya fita daga garkar nan, kuma ya yi wa kansa alkawari ko hanyar ba zai ƙara bi ba.

Ana cikin cin nama aka ce ga wani tsoho a ƙofa yana neman Alhaji. Intalla ya so ya kore shi, amma Alhaji yana son a gan shi yana taimako, musamman gaban baƙi.

"Bar shi ya shigo, bawan Allah ne," ya ce.

Tsohon ya shigo da sanda a kafaɗa da gorar ruwa, rawaninsa ya koɗe, ƙafafunsa sun yi furu-furu. Ya cire takalma tun daga bakin siminti. Ba wanda ya nuna masa kujera, shi ma bai nema ba. Ya zauna a ƙasa, a ƙarshen rumfar ta hagu, ya ce sunansa Abarci, daga wata rijiya arewa da gari.

"Alhaji, shanuna aka kore," in ji shi. "Sati ukku ke nan. Da rana tsaka, a bakin rijiya, mutane huɗu bisa babura. Sun hwasa ma ɗana kai. Tara ne, su ke nan gare ni, ba ni da gona. Na je Kornaka, na je Sabon Maci, na duba kasuwa-kasuwa. An ce mini ba saniyar da ke hita ƙasar ga ba ka sani ba, shi ya sa na zo."

"Allah sarki," in ji Alhaji, yana girgiza kai. "Zamani ya lalace, tsoho. A ba shi nama. Za mu sa ido, in sha Allahu."

Da Zakiru ya ji "tara" sai ya tuna shanun bayan wayar nan. Ya sunkuyar da kai yana kallon buhunsa. Ya ce a ransa shanu tara ai suna da yawa a duniya.

Alhaji ya miƙe ya yi ɗan jawabi, Mushe Harouna ya ƙara da Faransanci, sannan aka saki igiya, tamfol ya faɗo. Rumfa ta ɗauki tafi. Manyan nan duk suka ɗaga kai sama, kowa na neman fuska da mota. Wani ya ce ai Alhaji ya koma saurayi, wani ya tambayi ina aka kai tumbin, aka fashe da dariya. Ba wanda ya kalli ƙasa, don ba a saba sa abin kallo a can ba.

Shi kuwa tsohon da ke zaune a ƙasa, kusurwar ce daidai idonsa.

Zakiru ya ga naman ya tsaya a hannun tsohon. Ya ga ya ajiye shi, ya ja jiki a kan gwiwoyi har ya kusa manna hanci da bango. Zakiru ya bi idon tsohon, sai a lokacin ya ga abin da hannunsa ya yi: tsaga biyu, ƙafar zabo, sau tara.

"Wa ya yi wanga aiki?" in ji Abarci.

"Ka gani, har tsoho ya yaba!" in ji Mushe Harouna, wanda bai san kunnen saniya daga na jaki ba. Ya nuna Zakiru. "Ga gwanin nan."

Tsohon ya juyo, idanunsa sun ciko.

"Ɗana, don girman Allah, ina ka gan su?"

Dariyar ta mutu kaɗan-kaɗan. Cikin baƙin akwai dillalai biyu, su sun gane, suka mai da ido kan kwalaben lemonsu. Alhaji ya tako a hankali ya duƙa, ya kalli kusurwar. Dillali ne shi tun yana yaro, karatun bai ɗauke shi daƙiƙa ba. Ya miƙe murmushinsa na nan yadda yake, ya dubi Zakiru. Intalla ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya matso ya tsaya tsakanin Zakiru da ƙofa.

Zakiru ya dubi tsohon. Amsar tana bakinsa, gajeriya ce, wayar ma ga ta can ana hango ta daga inda suke. Ya tuna gidan bayan injin niƙa, da Hawa a tsakar gida ita kaɗai.

"Baba, ban gan su ko'ina ba," ya ce. "Daga kaina na hiddo su."

"Da tsaga biyu a kunnen dama? Da ƙahwar zabo? Shaidar kakana ce wagga, ba mai ita sai gidanmu."

"Dacewa ce, Baba."

"Har karyayyen ƙaho?"

"Dacewa ce."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi wa Zakiru sauƙi. Kallon mutum ne da ya gane an yi masa ƙarya, ya kuma gane dalili. Kunya ta rufe Zakiru har ya ji wuyansa ya kasa ɗaukar kansa.

"Ka ji ko, tsoho," in ji Alhaji cikin taushin murya. "Masu zane haka suke, abin da ya zo musu a kai shi suke sawa. Amma tunda suna tada maka hankali, ba za mu bar su ba. Malam Zakiru, dama ni ciyawa na hi so a wurin ga. Kana da kore?"

"Akwai, Alhaji."

"To, ruhe su. Yanzu." Ya dafa kafaɗarsa, hannun ya ɗan daɗe. "Kai mutumin kirki ne. In ka gama ka tahi gida ka huta, sati mai zuwa kamiyona goma sha biyu na jiran hannunka." Ya juya wajen tsohon. "Kai kuma ka sha tahiya, ba ka komawa a ƙasa. Intalla zai kai ka da mota."

"Na gode, ina iya takawa," in ji Abarci.

"Haba, a garkata? Zai kai ka."

Alhaji ya ɗauki raket ya kira Mushe Harouna, baƙi suka juya kujerunsu suka fuskanci fili. Ba a jima ba aka fara jin bugun ƙwallo, tas, tas, da ihun yabo in an yi bugu mai kyau. Yau ba mai tsince musu ƙwallo, da kansu suke duƙawa. Intalla na tsaye a bakin rumfa yana juya makullin mota a yatsa.

Zakiru ya kwance buhunsa, ya buɗe gwangwanin kore, ya durƙusa kusa da tsohon har kafaɗunsu na taɓa juna. Ya samu abin da ya shigo nema, zai kwana a ɗakinsa yau. Ya tsoma buroshi ya shafe ta farko.

"Jar Uwa," in ji Abarci a hankali, ba da kowa yake ba.

Ya shafe ta biyu.

"Mai Goshi."

Ta uku, mai karyayyen ƙaho.

"Gurguwar Ƙaho. A rijiya ta karye shi, tana maraƙa."

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi yana shafewa, tsohon yana kiran suna, ƙwallo na kai da komo a bayansu. Zakiru ya so ya yi sauri, hannun ya ƙi. Ya so ya raɗa masa cewa kada ya shiga motar nan, ya nemi mutane ya tsaya cikinsu, amma inuwar Intalla ta riga ta kai bangon, bakin ya ƙi buɗuwa. Hawaye ya ɗigo masa a bayan hannu, ya goge da rigar Juma'ar.

Saura ɗaya, 'yar ƙarshe a kusurwa, wadda ya yi wa ciki ya ɗan fi na sauran faɗi don haka ya gan ta. Ya ɗaga buroshin sai ya ji busasshen hannu ya riƙe masa tsintsiyar hannu.

"Wagga ciki gare ta, ɗana," in ji tsohon. "Wata bakwai. Ka yi mata a hankali."

Zakiru ya yi mata a hankali. Intalla ya jira sai da ya gama, sannan ya duƙa ya ɗauko wa tsohon sandarsa, ya riƙe ta a nasa hannun.